Allurar Sinawa da matsalar haihuwa ta ɓangaren namiji: in biya ko in dakata?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana. Shekararmu huɗu da aure, ko ɓatan wata iyalina ba ta taɓa yi ba. An yi mata duk gwajin da ake yi wa mata, har da hoton nan na bututun mahaifa mai azabar zafi, aka ce lafiyarta lau. Bana na yi nawa. Takardar ta nuna ƙwayoyin maniyyi miliyan 6 a kowace mililita, masu motsi kashi 25 cikin ɗari. Ni direba ne, Kano zuwa Abuja. Wani fasinja ya ba ni lambar wani wuri da ake akufanca, wannan sukan allurai na Sinawa. Na kira, sun ce zama goma sha biyu ne, kuɗin da suka yanka mini kuwa sai na sayar da babur ɗina. Wanda ya san abin nan don Allah, yana aiki ko kuwa?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo masu albarka. Tunda har ka iya zuwa aka gwada ka, ka fi da yawanmu zuciya.

Sarkin Haɗi: Ɗan'uwa bar wahalar da kanka. Akwai haɗi na musamman, sati ɗaya maniyyinka zai yi kauri. Yi mini magana ta sirri.

Admin: Na goge lambar da aka saka. Babu talla a zauren nan, wanda ya sake zan fitar da shi.

Alhaji na Gwanzu: Ni dai an taɓa yi mini, amma don ciwon baya. Ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro kayan waya, kuma a can ba a lungu ake yinsa ba, manyan asibitoci suna da sashensa guda da likitoci masu farar riga. Za a ce ka fito da harshenka a duba, a riƙe wuyan hannunka a ji bugun jini, sannan ka kwanta. Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta da rami a ciki, ba a ɗura maka komai. Shigarta ba wani zafi, sai in likitan ya ɗan murza ta ka ji wani nauyi-nauyi yana bin wurin. A bar ka minti 20 zuwa 30 a zo a zare. Wani lokaci kuma su kunna wani busasshen ganye da aka naɗe kamar sigari, su riƙa kusanto da shi fatarka har wurin ya yi ɗumi. Na samu sauƙi, ba zan ɓoye ba. Tafintana ya ce masu neman haihuwa ma suna zuwa, su a ƙasan cibiya da ƙugu da ƙwauri ake soka musu, don a ilimin Sinawa ƙarfin haihuwa a ƙoda yake zaune. Mutanen da suka haura shekara 2000 suna abu, ba za a ce duk shirme ba ne.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Alhaji. Mu nan Nijar mun daɗe da sanin lokotoron Shinuwa, wato likitocin Sin, tun shekarun 1970 ƙasarsu take turo su. Tsohuwata an yi mata a gwiwa ta ji daɗi. Amma na haihuwa ban ga wanda aka yi wa ba.

Ɗanlami na Lab: Malam mai tambaya, kafin a kai ga allura bari in tsaya a kan takardar, don nan ne aikina. Gwajin sau ɗaya ka yi? Kwana nawa ka ƙaurace wa iyali kafin ka bayar? A wurin gwajin ka fitar ko daga gida ka kawo? Ka yi zazzaɓi mai zafi a watannin da suka gabaci gwajin?

Mai Tambaya: Sau ɗaya ne. Ba wanda ya ce mini in ƙaurace. Daga gida na kawo, ga cunkoso a hanya, na kuma tarar da layi. Zazzaɓi kuwa na yi na cizon sauro da damina, har sai da aka yi mini ƙarin ruwa.

Ɗanlami na Lab: To wannan takardar ba a yanke hukunci da ita. Ƙa'ida ita ce ƙauracewa ta kwana 2 zuwa 7, kuma a duba samfurin cikin awa ɗaya da fitowarsa. In ya daɗe a hanya, motsin ne yake fara mutuwa, sai a rubuta maka kashi 25 alhali ba haka yake a jikinka ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16 a kowace mililita, ko miliyan 39 a fitarwa guda, masu motsi kashi 42, masu tafiya gaba kashi 30, masu siffa daidai kashi 4. Waɗannan lambobi ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa. An samo su ne daga mazan da matansu suka ɗauki ciki cikin shekara ɗaya, kuma kashi 5 cikin ɗari na waɗannan mazan ma suna ƙasa da iyakar. Miliyan 6 ƙasa yake sosai, ban ce ba matsala ba, amma da miliyan 6 da sifiri akwai tazara mai nisa.

Sannan jiki yana ɗaukar sama da wata biyu kafin ya ƙera ƙwaya ɗaya, ta ƙara kwanaki tana nuna a bututun da ke bayan maraina. Abin da ka bayar yau amfanin gonar da aka shuka wata uku baya ne, in an yi fari a lokacin dole a gani a girbi. Zazzaɓin da ka yi zai iya zama farin.

Mai cewa zai sa maniyyi ya yi kauri kuma, ku yi masa dariya kawai. Ƙwayoyin ɗan ƙaramin kaso ne na ruwan, sauran daga wasu jakunkuna ne da ke bayan mafitsara da kuma furostet, wata ƙaramar gaɓa da ke ƙasan mafitsara. Na sha saka mai kauri a madubin gwaji in leƙa ban ga ko ɗaya ba, na kuma sha ganin mai ruwa-ruwa cike da su suna ta iyo.

Dokta Abu Maryam: Ɗanlami ya rage mini aiki. Bari in amsa tambayar da aka yi, ta allura. An yi bincike a kai, amma kaɗan ne kuma ƙanana. Wanda aka fi ambata an yi shi a Jamus, aka buga a 2009. Maza 57 masu ƙarancin ƙwaya mai tsanani, aka raba su biyu, rabi aka yi musu allurar gaske, rabi ta bogi wadda ba ta huda fata. Kason masu motsi ya ɗan ƙaru a wajen 'yan allurar gaske, yawan ƙwayoyin kuwa allurar ba ta ƙara shi ba. A 2014 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu, inda su ma allurar nan gadonsu ce, suka tattara duk gwajin da aka yi bisa ƙa'idar raba mutane ta ƙuri'a. Huɗu kacal suka samu, suka ce hujjar ba ta isa a ce tana gyara maniyyi ba, kuma ba a nuna ta ƙara yawan masu samun ciki ba. Ai ɗan'uwanmu ba lamba yake nema a takarda ba, jariri yake nema.

Wani babban gwajin allurar da aka yi a fannin haihuwa a kan mata ne masu yin IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar mahaifa, mata 848 a Ostireliya da New Zealand, mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2018. Waɗanda suka haihu a ɓangaren allurar gaske kashi 18.3, a ɓangaren ta bogi kashi 17.8. Babu bambanci ke nan.

Alhaji na Gwanzu: Likita ranka ya daɗe, da girmanka, amma ku haka kuke. Duk abin da ba Bature ne ya kawo ba sai ku ce babu hujja. Haka kuka ce da ƙaho, yanzu 'yan wasan Amurka suna fitowa da tabonsa a kafaɗa. Ni jikina ne shaida.

Dokta Abu Maryam: Alhaji ban ƙaryata bayanka ba. A kan ciwo mai daɗewa, kamar baya da gwiwa da ciwon kai, akwai bincike da yawa da ke nuna wasu suna samun sauƙi. Amma ciwo abu ne da mai shi yake ji ya faɗa, ƙwayar maniyyi kuwa ƙirga ta ake yi. Maganar Bature kuma, ga misali daga gidansa. Shekaru ana rubuta wa maza ƙwayar zinc da folic acid, ni ma na rubuta. Amurka ta gwada a kan ma'aurata 2,370, mazan suka sha na wata shida, aka buga a farkon 2020. Masu shan maganin kashi 34 suka samu haihuwa, masu shan na bogi kashi 35. Maganin Bature ne, a ƙasar Bature, ya faɗi. Ma'aunin ɗaya ne ga kowa.

Ga kuma tarkon da nake so mai tambaya ya gane. Gwajin maniyyi yana hawa yana sauka ko ba a yi komai ba. Yawanci mutum yana zuwa neman magani ne bayan sakamako mafi muni. In ya yi zama goma sha biyu cikin wata biyu ko uku, zazzaɓin ya bar jikinsa, ya sake gwaji bisa ƙa'ida, da wuya lambar ba ta ɗaga ba. Sai mai allura ya ɗauki hoton takardun biyu ya saka a Facebook.

Alhaji na Gwanzu: To in ba ta cutarwa, me zai hana ya gwada? Kuɗinsa ne.

Maman Hanifa: Alhaji ka yi haƙuri in shigo. Kuɗinsa ne amma shekarun matarsa ne. Mu mata mun san wannan zaman. Shekara huɗu ita ake kallo a gidan suna, ita ake kai wa rubutu da saiwoyi, ita uwar miji take yi wa habaicin cika masai. Yanzu an gano inda gizo yake saƙar, sai kuma a ce a tafi yawon gwaje-gwajen magani, wannan wata uku, wancan wata shida. Namiji yana iya haihuwa da furfura, mace kuwa daga shekara 35 abin yana ja baya da sauri. Ƙanwata sai da aka yi mata kishiya biyu kafin mijin ya yarda a duba shi. Malam mai tambaya, iyalinka ta ga takardar nan? Hajiyarka fa?

Mai Tambaya: Iyalina ta gani Hajiya. Tsohuwa kam ban iya gaya mata ba tukuna. Kuma ni ta wajen kwanciya ba ni da matsala ko kaɗan, musamman tunda na fara allurar ƙarfi. Shi ya sa sakamakon ya ba ni mamaki.

Dokta Abu Maryam: Tsaya Malam. Wace allura?

Mai Tambaya: Wani mai kemis ne a tasha yake yi mana, yawancin direbobi suna yi. Allurar mai ce a 'yar kwalba, duk bayan sati uku. Ya ce sinadarin maza ce, tana maganin gajiya kuma tana ƙara maniyyi. Tun wajen azumin da ya wuce nake yi.

Dokta Abu Maryam: Innalillahi. Ka duba kwalbar, in ka ga an rubuta testosterone ko Sustanon, to da wannan ya kamata mu fara hirar. Ƙwaƙwalwa ce take aika wa maraina umarni ta wasu sinadarai biyu, LH da FSH. In ta ga testosteron ya cika jini daga waje, sai ta ɗauka aiki ya wadata ta daina aikawa, maraina su tsaya da ƙera ƙwaya. Sha'awa tana ƙaruwa, jiki yana jin ƙarfi, ƙwaya tana ƙarewa. Har gwada ta aka yi a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamako a 1990, inda wajen kashi biyu cikin uku na mazan da ake yi wa duk mako suka koma ba ƙwaya ko ɗaya cikin wata shida. Abin daɗin shi ne yana dawowa bayan an daina, yawanci cikin wata 6 zuwa 12, wasu sai sun kai shekara biyu. Kada ka sake karɓar ta, kuma ka je wurin likitan mafitsara da kwalbar a hannunka, don in an daina akan yi fama da kasala da raguwar sha'awa na ɗan lokaci, kuma akwai magungunan da ke taimaka wa jiki ya farfaɗo.

Sai dai allurar ba ta bayyana shekara ukun farko ba, don lokacin ba ka fara ba. Dole a duba ka da hannu, kana tsaye. Abin da aka fi samu shi ne kumburin jijiyoyin jini na maraina, barikosil, yawanci a hagu. Kusan kashi 15 na maza suna da shi, a cikin masu neman haihuwa kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku, kuma ana yi masa ƙaramar tiyata. Za a tambaye ka ko ka yi hangum bayan ka balaga har maraina suka kumbura, ko ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, don yana toshe hanya, ko tsargiya kana yaro in ka tashi kusa da dam ko fadama, ko aikin ƙaba, ko ciwon suga. Ba ɗaya a cikinsu da allura a ƙasan cibiya za ta gano.

Baban Walid: Subhanallah. Wallahi a wurin ɗaga ƙarfe da nake zuwa samari suna yi wa juna irin wannan.

Direban Tirela: Likita mu da muke wuni kan kujera fa? An ce zafin inji yana kashe maniyyi, har wasu suna cewa waya a aljihu.

Dokta Abu Maryam: Maganar zafi gaskiya ce. An rataye maraina a waje ne don suna son sanyin da ya gaza na jiki da digiri 2 zuwa 3. An ga tasirinsa a wajen masu gasa burodi, masu walda da masu dogon tuƙi. Ba zan ce ka bar sana'arka ba. Ka riƙa sauka kana miƙe ƙafa in an tsaya, ka bar matsattsen wando da gajeren wando na roba, kada ka ɗora kwamfuta a cinya. Alhaji, ganyen nan da ake ƙonawa ma in za a yi wa mai neman haihuwa, a nisanta shi da wurin. Ta waya hujjarta ba ta da ƙarfi, ban damu da ita ba kamar yadda na damu da abin da ake sha a tasha. Taba sigari, shisha, wiwi, tiramadol da kodin duk suna taɓa ƙwaya ko sinadarin maza. Teɓa ma haka, don kitse yana juya testosteron ya koma sinadarin mata. Abinci kuwa ba sai na kanti ba, wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, zogale, alayyafo da kayan marmari sun isa, a rage lemon kwalba. A samu barci. Saduwa duk bayan kwana biyu ko uku ta fi tara wa har sai ranar da aka lissafa. Ko waɗannan ma ba alkawari ba ne, amma kyauta ne, kuma ko ba su kawo ciki ba sun gyara hawan jini.

Alhaji na Gwanzu: Ka ga kai ma ka ce ba alkawari ba ne. To allurar ma a sa ta a wannan layin mana. Mutum yana kwance rabin awa ba waya ba hayaniya, hankalinsa ya kwanta, ai shi ma magani ne.

Dokta Abu Maryam: A nan mun kusa haɗuwa Alhaji. Mai hali, wanda an riga an duba shi an san matsalarsa, in ya ce zai haɗa da allura don ya samu natsuwa, ba zan hana shi ba. Sharaɗina uku. Allurar ta zama sabuwa a leda, a ɓare a gabansa a jefar bayan an gama, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan kuma ta allura yake bi. Mai yin ya zama ya koya da gaske, don an sha samun wanda aka soka wa a ƙirji ko saman baya aka huda huhu. Sannan kada ya karɓi ƙullin magani ko kafso da ba a san abin da ke ciki ba. Amma wanda sai ya sayar da babur, gara kuɗin ya tafi gwaji na biyu, gwajin jini na FSH da testosteron, da hoton maraina. In aka bi duk wannan lambar ta ƙi tashi, akwai ICSI, da aka fara a Beljiyam a 1992, inda ake ɗaukar ƙwaya ɗaya tak a saka cikin ƙwan mace. Ana yi a Najeriya, tsada gare shi, wannan ma dalili ne na kada a ɓarnatar da kuɗi tun yanzu.

Alhaji na Gwanzu: Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba, amma na yarda ya fara ganin likita. In ya tashi yi ya tambayi takardar shaidar mai yin, a ina ya yi karatu.

Malam Abu Huzaifa: Allah ya saka wa Likita da alheri. Neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma ɗan'uwa ya lazimci addu'ar Annabi Zakariyya da ke cikin Suratul Anbiya. Tambayata ga Ɗanlami ce, don ita ce take hana mutane da yawa zuwa, suna zuwa mini da ita a ɓoye. Ta yaya ake fitar da samfurin ba tare da mutum ya shiga abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba?

Ɗanlami na Lab: Allah gafarta Malam, kullum sai an yi mini ita, wani ma sai ya karɓi robar ya fita ba ya dawowa. Hukuncin na bar muku. Ta ɓangarenmu, iyalinsa za ta iya taimaka masa, a gida ko a ɗakin da muke warewa. Abin da muke so shi ne duka ya shiga robar da muka bayar, musamman ɗigon farko, don a nan yawancin ƙwayoyin suke. Shi ya sa ba mu son a sadu sannan a zare, na farkon yakan tsere, in kuma ya zube a faɗa mana mu rubuta. Kada a yi amfani da kwaroron roba na kemis, yana kashe su, akwai na musamman da wasu ɗakunan gwaji suke bayarwa. Ban da sabulu, ban da man shafawa, ban da yawu. In daga gida ne, a rufe robar da kyau a saka a aljihun riga na ciki ta ji ɗumin jiki, kada a sa a firji, kada a ajiye a gaban mota rana ta buga. A rubuta lokacin da aka fitar a jikin robar. Kuma a je tun da safe a fara biyan kuɗi a karɓi roba, a tambayi ƙarfe nawa mai dubawa yake zama, sannan a kawo, in an iso a miƙa kai tsaye ba a bin layi da shi.

Direban Tirela: Ɗanlami, mai mata biyu fa, ƙauracewar kwana biyun nan ta ɗaya ce ko duka?

Ɗanlami na Lab: Duka Yallaɓai. Ka nemi uzuri wurin mai girki.